Ranar da Muka Kai Rumman Komisariya

A shekarar da fari ya yi tsanani har awakin Agadas suka koma cin kwali da tsumma, ni ce mai Faransancin gidanmu. Shekarata goma sha biyu, ina aji shida a lakwal, wato makarantar boko, kuma ban taɓa maimaita aji ba. Duk takardar da ta shigo unguwa, ta magani ce ko wasiƙar ɗan wani da ya tafi bariki, ni ake kira. Sai in zo ina taku ɗaiɗai, in karɓa da yatsa biyu, in yi gyaran murya irin na mushenmu, malamin ajinmu, in karanta abin da na gane. Abin da ban gane ba kuwa in cike shi da duk abin da ya zo mini baka. Ba wanda ya taɓa kama ni, don ba wanda zai iya. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma ni a lokacin sarƙar wuya na ɗauke shi.

Mu huɗu ne a gidan, duk mata. Baba yana aiki a mahaƙar gawayi ta Anu Araren, sai ƙarshen wata yake zuwa ya yi kwana biyu yana tari ya koma. Akwai Kaka, uwar Baba, mai sayar da gishiri da dabinon Fachi a ƙofar gida, ƴar firit da ita amma in ta kira sunanka sai an ji a unguwa ta uku. Akwai Inna, wadda ko dariya za ta yi sai ta rufe baki da gefen mayafi, ta kuma saurara ta ji ko maƙwabta sun ji. Zamanin soja ne, kowa yana kaffa-kaffa da bakinsa, amma Inna tun kafin sojoji su zo take yi wa kanta mulkin soja. Sai Yaya mai shekara goma sha shida, ita ke ɗebo mana ruwa. Sai ni, malamar gida.

Rijiyoyin unguwa duk sun ƙafe a shekarar. Pompo guda ya rage mana, ana buɗe shi da hantsi na ɗan lokaci, wanda ya samu ya samu. Makullinsa yana hannun wani magidanci mai mata da ƴaƴa, ya rataye shi a wuya da igiya kamar laya. A gefen pompon akwai wani ɗan ɗakin laka inda yake ajiye tiyo da ƙarafan gyara. Yakan bi jerin tuluna da ido, ya zaɓi yarinya guda, ya ce, “Ke, tahi ki ɗauko mini tiyo.” In ta shiga sai ya bi ta, wai zai nuna mata inda yake. Wadda ta ɗauko tiyo ita ake fara cika wa tulu. Wadda ta ƙi, tulunta ya wuni a rana, gidansu ya kwana da ƙishi.

Kowa ya sani, abin da har yau yake ƙona mini rai ke nan. Matan unguwa sukan ce, “Ai shi hannu gare shi,” kamar suna maganar mai ƙaiƙayin fata. In wata ta ɗaga murya sai a ce mata in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu yara har wasa muke yi da maganar, muna bin juna muna cewa “a aike ki tiyo,” ba mu san abin da muke faɗa ba.

Wata ranar da ba lakwal na bi Yaya da ƴar garwata. Muna cikin jeri mutumin ya nuna ta da leɓe. Yaya ta yi kamar ba ta ji ba. Ya ce, “Ruwan ya kusa ɗaukewa hwa, kuma jiya gidanku ba ku samu ba.” Gaskiya ya faɗa, jiya da sauran ruwan randa muka yi alwala, har Inna tana auna mana da ludayi. Yaya ta ajiye tulu ta tafi. Ya bi ta ya turo ƙofa. Na ji ƙarfe ya faɗi, na ji wani abu ya bugi bango, sannan ƙofar ta buɗe da ƙarfi Yaya ta fito ba ɗankwali, wuyan rigarta a yage, ta tallafe hannun dama da na hagu. Mata sun fi talatin a wurin, amma nan take kowace ta gano akwai wani abin sha'awa a cikin tulunta da ya kamata ta leƙa.

A hanya Yaya ta sa na rantse ba zan faɗa ba. Na rantse da Allah, ta ce in ƙara. Na rantse da kabarin kakanmu, ta ce in ƙara. Sai da na rantse da jarrabawata ta ƙarshen shekara sannan ta yarda, don ta san ita ce abin da na fi tsoron rasawa. A gida ta ce faɗuwa ta yi. Inna ta ce, “Ke ma ba ki kallon gabanki,” ta shafa mata man shanu. Tun daga ranar Yaya ta daina magana sai e da a'a, ita da ke tashinmu da waƙa tun asuba har Kaka ta jefe ta da takalmi.

Kwana biyu hannun ya kumbura, Kaka ta ce a tafi likita, wato asibiti, ni kuma aka tafi da ni tafinta. Madam ɗin da ke duba mata baƙuwa ce daga can yankin kogi, Hausarta ba ta wuce “sannu” da “buɗe baki” ba. Ta ja Yaya bayan labule, suka daɗe. Da ta fito fuskarta a murtuke, ta kamo Kaka ta shigar da ita, ta ɗage hannun rigar Yaya. Shatin yatsu huɗu ne a damtse, baƙi ƙirin, da na biyar a ɗaya gefen. Kaka ta duba, ta sake dubawa.

“Hwaɗuwa kinka yi?” in ji ta. “To, ni dai tun da anka haihe ni ban ga ƙasa mai yatsu ba. Mai pompo ne?”

Yaya ta sunkuyar da kai. Kaka ba ta sake tambaya ba.

Madam ta ɗaure hannun, ta juyo gare ni ta yi magana a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya: “Il faut porter plainte. Au commissariat.”

To, nan Faransancina ya miƙe tsaye. Komisariya kowa ya san ta, ofishin ƴan sanda. Porter kuwa ɗauka ne, tun aji biyu na san shi. Kalmar da ta rage ma ai ba baƙuwa ba ce, a makon da ya wuce muka zana ta cikin kaye, littafin rubutu, da saiwarta da karanta da ganyenta, har mushe ya ɗaga nawa ya nuna wa aji. Plante, wato shuka. Na ce, “Kaka, tac ce sai mun ɗauki shuka mun kai komisariya.”

“Shuka? Wace iri?”

Madam tana tsaye a gabana. Da na buɗe baki na tambaye ta, da wannan labarin ya ƙare a nan. Amma yaya za a yi malamar gida ta yi tambaya a gaban mutane? Na ce, “Kowace iri, amma mai rai.” Kaka ta juya maganar, can sai ta gyaɗa kai. A lokacin ba abin da rediyo ke faɗa safe da yamma sai a dasa itace, a dasa itace, hamada na tafe. Kaka ta ce ai ga shi nan a fili, sojoji itace suke so, wanda ya kai musu itace shi za su saurara. Ko wurin boka ma ba a zuwa sai da zakara.

A gida aka yi ta. Inna ta ce sam, ta rufe ƙofar ɗaki kafin ta yi magana, ta rage murya har sai mun matso.

“Iya, ku yi wa Allah ku bar maganar ga. Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Mutumin nan haka shike da kowa, ɗan mintsini ne, ita ce ta hizge hal ta ji ciwo. In munka tahi wurin masu kaki, gobe duk Agadas da sunan yarinyar nan za a karya kumallo. Wa zai aure ta? Mi za mu ce wa ubanta?”

“Ubanta ni na haihe shi,” in ji Kaka, “ni zan ce mishi.”

“Ni dai ƙafata ba ta zuwa.”

“Ba ƙafarki muke nema ba, shuka muke nema.”

Yaya tana zaune a bakin gado, ana maganarta kamar ba ta nan. Na ga yadda ta dubi Inna lokacin da ta ce ɗan mintsini ne. Ni na ji ƙarar da ta fito daga ɗakin nan, na san ba mintsini ba ne, amma jarrabawata tana rataye a wuyana.

Neman shuka a Agadas a shekarar nan kamar neman allura ne cikin rairayi. Itacen bedin ƙofar gidanmu ya bushe tun bara. Na kawo shawarar albasa mai tsiro, Kaka ta ce ba za ta kai wa hukuma kayan miya ba. Da na ga ana saurarona sai na ƙara gishiri, na ce ai a dokar Nasara girman laifi girman shuka. Kaka ta ce in haka ne goriba ya kamata mu tumɓuke, amma tun da ba hali, akwai rumman ɗin tsohon Timiya.

Tsohon Timiya maƙwabcinmu ne, mai garka ne, wato lambu, a garinsu Timiya kafin ƙafa ta hana shi noma ya dawo wurin ɗansa. Ya taho da dashen rumman guda cikin tsohuwar garwa, tsayinsa bai wuce kamu uku ba. Da ruwan alwalarsa yake ba shi, yana durƙusawa a kan garwar yana wanke fuska don kada ɗigo ya faɗi banza. Ya kife shi da kwando saboda awaki, ya kuma san adadin ganyensa fiye da yadda ya san adadin jikokinsa.

“Malam, aron rumman ɗinka muka zo,” in ji Kaka.

“Aro? Ana aron icce?”

“Sha'anin hukuma ne. Komisariya za shi ya dawo.”

Tsohon ya dafe garwar. “Mi ya yi musu?”

“Bai yi komi ba, shaida za shi.”

“In sunka riƙe shi hwa?”

Duk suka juyo gare ni. Na ce ba sa riƙewa, dubawa kawai suke yi su buga wa garwar hatimi. Ban san daga ina wannan ta fito ba, amma ta fito da kyau. Tsohon ya yarda bisa sharaɗin da shi za a tafi, don rumman ɗinsa bai taɓa fita gida shi kaɗai ba.

Washegari da hantsi muka fito. Na riga na sanar cewa porter ɗauka ne a ka, ba a hannu ba, don haka Kaka ta naɗa gammo muka ɗora mata garwa. Tana gaba, rumman yana rawa bisa kanta. Ina biye da ita da rigar lakwal, na saƙala bik ɗin rubutu a bayan kunne. Yaya na bayana ta ja mayafi har hanci. Tsohon Timiya shi ne na ƙarshe, yana ɗingishi da sanda. Inna ta tsaya a zaure tana cewa innalillahi.

Ba mu kai ƙarshen lungunmu ba akuya ta farko ta ɗaga kai. Baiwar Allah ta yi wata shida ba ta ga kore ba, sai ga shi yana tafiya da ƙafa biyu. Ta biyo mu tana kuka, ƴan uwanta suka ji suka fito. Kafin mu kai babbar hanya mun tara awakin unguwa uku, suna miƙewa da ƙafafun baya suna dafa Kaka, ita kuwa tana harbinsu tana zagin iyayensu ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuma bar garwar ta karkace ba. Tsohon Timiya yana kai duka hagu da dama yana cewa, “A hankali, Hajiya! Saiwar, saiwar!” Kaka ba ta taɓa zuwa Makka ba, tsoro ne ya ba ta hajjin.

Masu awaki suka biyo awakinsu, yara suka biyo masu awaki. Matan da ke dawowa daga pompo suka tsaya da tuluna a ka suna tambayar ina za a kai amarya. A kusurwar kasuwa wani soja da ke tsaye da bindiga ya ga tsohuwa ɗauke da itace, sai ya ƙame ya sara mata ya ce, “Madalla, Iya, haka ake son ɗan ƙasa!” Kaka ta waiwayo ta dube ni da alfahari, ni ma na ji kaina ya ƙara girma.

Abin da ba mu yi lissafinsa ba shi ne raƙumi. Yana tsaye a bakin hanya an ɗaure masa ƙafa, ƙasusuwansa duk a waje, kamar ba ruwansa da duniya. Muna giftawa ya miƙo wuya a natse ya cafke kan rumman, ya ɗauke rabinsa. Tsohon Timiya ya yi wata ƙara da ban taɓa jin namiji ya yi irinta ba. Ya tsaya zai yi shari'a da raƙumin, Kaka ta ce ya taho, in sun gama da mai pompo sai ya kai tasa ƙarar. Sai da maganar ta fita ta lura a gaban jama'a ta faɗe ta. Na ji an fara raɗa a bayana. Yaya ta ƙara jan mayafinta.

Da ganye bakwai muka isa, tsohon ya ƙirga su sau biyu a bakin ƙofa. A ciki wani ɗan sanda mai furfura a gemu yana zaune bayan tebur da mashin ɗin buga takarda. Kaka ta wuce kai tsaye ta sauke garwa bisa takardunsa, ƙasa ta zube. Ni kuwa na matso, na haɗa ƙafafu, na ɗaga haɓa, na faɗa da muryar da nake karanta darasi: “Monsieur, nous portons plante.”

Ya dubi rumman. Ya dube ni. Ya dubi akuyar da ta sa kai ta taga.

“Kun kawo mi?”

Na maimaita, na ƙara ja wa kalmar wutsiya don ya ji daɗinta. Sai na ga gemunsa ya fara rawa. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, ya cije leɓe ya dubi rufi. Daga nan ya kife kai bisa mashin yana dukan tebur, har hularsa ta faɗi cikin garwa. Ya kira abokin aikinsa, shi ma da ya ji sai ya zauna a ƙasa. Da ya samu numfashi ya jawo takarda ya rubuta kalmomi biyu, ɗaya bisa ɗaya, ya nuna mini da bakin bik. Plante. Plainte. Harafi guda ne tsakaninsu, ɗan siriri mai ɗigo a ka.

“Wannan shuka ce, kin yi daidai. Wannan kuwa ƙara ce, ƴan mata. Cewa anka yi ku kawo ƙara. Da baki ake kawo ta, ba a ka ba.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Tsohon Timiya ya tambaya ko za a buga hatimin duk da haka. Kaka kuwa ta dube ni tun daga bik ɗin kunnena har ƙafa, ta ce, “Ni da ke sai mun koma gida.”

Ɗan sandan ya share hawaye, ya sa aka fitar da tsohon da garwarsa, aka kore awaki da masu leƙe. Ya kakkaɓe ƙasa daga takardu. Sannan ya lura da Yaya, da hannunta a ɗaure, sai dariyar ta bar fuskarsa.

“To, Iya, ƙarar wa kunka kawo?”

Kaka ta buɗe baki, ya ɗaga hannu ya ce in yarinyar aka yi wa, daga bakinta yake so ya ji. Ya turo wa Yaya kujera. Ta zauna a gefenta kamar mai shirin gudu. Ya tambaye ta abin da ya sami hannun. Muka jira. Ana jin kukan awaki a waje.

“Hwaɗuwa na yi,” in ji Yaya.

Duk wannan tafiyar, da raƙumi da soja, ga shi za mu koma yadda muka zo, gobe kuma ta ɗauki tulu ta koma gaban mutumin nan. Na dubi Kaka ina jiran tsawa. Amma Kaka sai ta tsuguna a gaban kujerar, gammonta har yanzu yana kanta, ta yi magana da wata ƴar murya da ban san tana da ita ba.

“Ɗiyata, kunya kike ji? Dube ni da kyau. Shekara saba'in ina riƙe da mutuncina a garin ga. Yau na ɗauki icce a ka na ratsa kasuwa, awaki na bi na, soja ya sara mini, raƙumi ya ci abinci bisa kaina. Hal in mutu ba a daina ba da labarina. Kunyar gidanmu duka na zubar da ita a hanya, awaki sun lashe, ba ta rage ko ta sawa a miya ba. Wadda ta saura tashi ce, shi mai pompo. Hwaɗi, ki bar mishi kayanshi.”

Yaya ta yi wata ƴar dariya ta hanci, ta farko tun ranar pompo. Dariyar ta juye kuka, kukan ya daɗe. Ɗan sandan bai hanzarta ta ba. Da ta lafa sai ta fara, idonta a kan gammon Kaka. Ta faɗi yadda yake turo ƙofa ya jingina da ita. Ta faɗi abin da yake yi da abin da yake cewa in an yi kuka. Ta ce wannan ne karo na uku, kuma na farkon tun cikin azumi ne. Ta ce ranar ta ture shi ne ya murɗe mata hannu ya buga ta da bango. Mashin yana ta ƙwas-ƙwas, ni kuwa ina tsaye da bik a kunne, na ji ƙyamar duk ranar da na bi wata yarinya ina cewa a aike ta tiyo.

Ya tambaya ko akwai wanda ya gani. Yaya ta juyo ta ce, “Na kwance miki rantsuwar.” Na faɗi abin da na gani da abin da na ji, da Hausa, ban ƙara ko gishiri ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. An kira mutumin, an karɓe makullin an ba wata tsohuwa, ya yi kwanaki ba a gan shi ba, daga baya ya dawo unguwa ya ci gaba da zuwa masallaci kamar kowa. Wasu gidajen sun daina gaishe mu, wasu matan kuwa sukan sayi gishirin Kaka su tsaya ba su tafi ba, kamar akwai abin da suke son faɗa. Amma wannan duk daga baya ne.

Ranar dai da muka fito, rana ta take, mutanen da suka biyo mu suna nan tsaitsaye a inuwar bango suna jiran su ga fuskar Yaya. A ƙarƙashin tagar ɗakin da muka fito kuwa wata mace ce zaune a ƙasa dirshan, ta lulluɓe. Da takalmin na gane ta. Inna ce. Ashe ta biyo mu daga nesa, kuma tagar a buɗe take.

Ta tashi ta zo gaban Yaya. Idonta ya yi ja.

“Tun azumi?”

Yaya ta gyaɗa kai.

“Kullum ni ke miƙa miki tulun.”

“Kina cewa in yi sauri,” in ji Yaya. Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Tana rufe baki ta zame ta zauna a kan dakali, ta ce ba za ta iya tafiya ba.

Yaya ɗiyar fari ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunanta ba, ban taɓa ganin ta taɓa ta a gaban mutane ba, ko kitso Kaka ke yi mata. Sai ga Inna ta cire mayafinta a tsakiyar hanya, kanta ba komai sai ɗankwali, ta juya baya ta tsuguna. Ta kira sunan Yaya da ƙarfi, yadda duk wanda ke jikin bangon ya ji, ta ce, “Hau.”

“Inna, mutane na kallo.”

“Su kalla. Hau.”

Yaya ta fi ta tsayi. Da Inna ta ɗaure mayafin ta miƙe, sai da ta yi tangaɗi sau biyu, ƙafafun Yaya suna kusan jan ƙasa. Ba wanda ya yi dariya. Ta bi ta tsakiyar kasuwa, hanyar da muka biyo, ba ta ratse ta lungu ba, kuma ba ta sauke ta ba sai a tsakar gida.